Yatsun da Na Baro a Wahran

Agadas ce gari na farko da na kwana a cikinsa ba wanda ya san ko ɗan waye ni. A wajenmu, daga Basirka har cikin Gwaram, ko ban buɗe baki ba sai ka ji an ce, "Hudu ne, na gidan garaya." A Agadas kuwa sunana "kai mai jar hula", da hular ta ɓata sai na koma "kai" kawai.

Gidanmu gidan makaɗan maharba ne. Kakana ya kaɗa musu, Baba ya kaɗa musu, dukansu da garaya ɗaya wadda fata da tsirkiya kawai ake canza mata. Kowane maharbi yana da takensa, wato ɗan guntun kiɗa da yake nasa shi kaɗai. A taron bayan kaka, kafin a shiga daji, makaɗi yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Sarkin Baka, shugabansu. Wanda ya ji takensa ya miƙe ya yi kirari. Wanda bai ji ba ba ya motsi, ko da ubansa ne yake kiɗan. Ba a kuma tashi a taken wani, don abin kunya ne kamar mutum ya sa wandon maƙwabcinsa ya shiga kasuwa.

Lokacin da na bar gida sanyin ƙashi ya riga ya fara kama yatsun Baba, ni kaɗai ne kuma cikin 'ya'yansa na koya. Akwai Isiyaku, mutumin Yalwan Damai, da ya daɗe yana zaman koyo a zaurenmu. Hannunsa mai kyau ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kowa ya san in ban karɓi garayar ba, za ta bar gidanmu ta bi shi. Amma kiɗan maharba ba ya cika rumbu, shi ya sa na ce zan je in nemo jarin injin niƙa. Baba bai hana ni ba. Ya dai ɗaga yatsunsa ya ce in dawo kafin su ƙi shi gaba ɗaya.

Wanda ya fara cutata a hanya ɗan gida ne, ko kuma in ce ya iya zama ɗan gida. A tashar Agadas ya ji Hausata ya matso, ya ce shi mutumin Birnin Kudu ne. Ya lissafa min duwatsun bayan gari, ya kwatanta min inda masu tsire suke zama a bakin titi, har ya tambaye ni ko an gyara hanyar Gwaram. Baƙo ko da ido makaho ne. Na damƙa masa kuɗin motar da za ta kai ni Tamanrasat, ya sa ni a bayan wata a-kori-kura, ya yi min addu'a mai tsawo. A Arlit direba ya ce kowa ya sauka, iyakar abin da aka biya masa ke nan. Daga baya na haɗu da wani ɗan Katsina da mutumin nan ya ce masa shi Bakatsine ne, da wani ɗan Azare da ya ce masa shi ɗan Azare ne. Na yi fushi a lokacin, irin fushin da har bacci yake hanawa. Na ambaci wannan ne don shi ne fushi na ƙarshe da na iya yi da zuciya ɗaya.

Na yi dakon ruwa a Arlit har na haɗa kuɗin motar gaba. Ratsa saharar ba zan tsawaita ba, duk wanda ya bi ya faɗa, kuma duk iri ɗaya muke faɗa. Rana, ƙishi, da ƙafar wani a kan wuyanka. Wata mata 'yar Zinder da ke zaune a kusa da ni ta riƙa jiƙa bakin mayafinta tana ba ɗanta yana tsotsa, da ta ga leɓena ya tsage sai ta miƙo min ɗaya gefen. Ban san sunanta ba har muka rabu.

A Tamanrasat na haɗu da Agali, wani Buzu dogo mai kwaɓa siminti a wurin ginin da na samu leburanci. Hausarsa ta Agadas ce. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan ɗauko wata tsohuwar jita daga ƙarƙashin katifa, ya zauna a inuwar bulo yana kaɗawa, shayi yana tafasa a gefensa. Ranar farko na tsaya ina kallon hannunsa na hagu har ya gaji da ni.

"Kai Bahaushe, mi kake kallo?"

Na ce, "Tsirkiya shida nake ƙirgawa. Mu da biyu muke aiki."

"To huɗun nan na rago ne," in ji shi, ya miƙo min.

Cikin 'yan makonni na fara fitar da taken maharban Basirka a kan tsirkiya biyu na jitarsa, sauran huɗun na bar su suna hutawa. Da aikin Tamanrasat ya ƙare, tare muka yi arewa, gari bayan gari, muna gini muna gaba, har muka ga teku a Wahran.

A Wahran ne giranda, injin yanka tayil, ta same ni. Muna yanka tayil a wani bene, wanda yake riƙe da injin ya juya don ya amsa kira, faifan ya kuɓuce ya bi ta wuyan hannuna na hagu. Ɗan kwangilar ya naɗe min hannun da rigar wani, ya sa ni a motarsa, ya ajiye ni a ƙofar wani ƙaramin asibiti, ya ce bari ya gyara tsayuwar mota. Ban sake ganinsa ba, ladan aikin da muka yi masa ma ya tafi tare da shi. Likita ya ɗinke fata da kyau. Ya ce akwai jijiyar da ta tsinke a ciki, haɗa ta sai a babban asibiti, babban asibiti kuma sai da takardu.

Da aka kwance bandeji yatsuna biyar suna nan cif, ko ƙwarzane babu. Sai dai babban yatsa da manuni da na tsakiya ba nawa ba ne. Suna lanƙwasawa kaɗan in na matsa musu, amma ba sa jin abin da suka taɓa. Wata rana na ɗauki kofin shayi, sai da Agali ya fizge shi na ga fatar ta tashi. Da waɗannan yatsun ake danna tsirkiyar garaya. Na san abin da hakan yake nufi tun a ranar, na kuma jira baƙin ciki ya zo, bai zo ba. Ina ci, ina salla, ina kwanciya. In an yi magana in amsa. In Baba ya kira a wayar ƙanwata ya ce, "Yaya aiki?" sai in ce aiki da godiya. Ba ɓoye masa nake yi ba, maganar ce ba ta da nauyin da zan ɗauko ta.

Hannu ɗaya ba ya leburanci. Agali ne ya kai ni wurin wani tsoho Balarabe da yake gyara masa wayar jita, Ammi Buziyan, mai shagon gyaran rediyo da sifika a wani lungu da ke gangarawa teku. Da ƙuruciyarsa ya yi kiɗa a otal-otal, yanzu sai tari da tabarau. Ya ba ni shara da miƙo kaya, ya ba ni tabarma a bayan shago. Bai taɓa tambayata takarda ba. Kullum da hantsi yakan gutsura burodinsa biyu ya ajiye rabi a kan wata matacciyar rediyo, bai ce nawa ne ba, bai kuma taɓa ɗauka ba.

Ammi Buziyan yana da ciwo ɗaya, ciwon makaɗan jita na Amurka da Ingila, na zamanin samartakarsa. Faya-fayansu cike da kwali. Duk sifikar da ya gyara da su yake gwada ta, in kuwa Agali ya zo bayan la'asar sai musu ya tashi. Da fari Agali yake juya min da Hausa, daga baya kunnena ya fara kama Larabcinsu. Sunayen makaɗan sun ƙi zama a bakina, sai na raɗa musu nawa.

Akwai Mai Rowa, gwanin Ammi. Baƙar fata ne, an ce a gonar auduga ya tashi. Shi wannan in ya ba ka sauti uku sai ya tsaya, kamar mai awo da ya ga kana da gaggawa. Yakan danna tsirkiya ɗaya ya tura ta sama har sautin ya lanƙwashe, sannan ya girgiza yatsa a kai ya bar shi yana rawa. Ba ya waƙa da kiɗa lokaci guda. Ya yi baiti da baki, jita ta amsa masa, kamar mai waƙa da 'yan amshi. Kuma kullum a bayan ganga yake tafe, kana cewa ya makara sai ka ga ya iso daidai.

Akwai Mai Tsabta, Bature. Ammi ya ce a ɗaki ya koya, a ƙasar sanyi, yana mayar da allurar faifai baya har ya haddace hannun Mai Rowa da na wasu tsofaffi irinsa. Sannan ya ƙara wa sifika wuta, ya haɗa gajerun maganganun tsofaffin suka zama dogon zance mai santsi, ba tuntuɓe ba gargada.

"Ɓarawo ne," in ji Agali. "Ya iske tuwo an tuƙa, ya sa cokali."

Ammi ya cire tabarau. "Ɓarawo yana faɗin gidan da ya shiga? Wannan duk inda ya tsaya sai ya ambaci malamansa. Wasunsu ma sun tsufa ba a san su ba, sai da yara irinsa suka jawo su gaban jama'a."

"To mi ya hana a san su tun da fari?"

Ammi ya mayar da tabarau ya canza faifai.

Gwanin Agali shi ne Mai Aradu. Shi ba jita kaɗai yake kaɗawa ba, har da sifikar. Yakan matsa kusa da ita har ta fara kuka da kanta, kukan da kowane mai gyara yake gudu, shi kuma ya kama kukan ya tuƙa shi inda yake so. Babban yatsansa yana riƙe da ƙasan kiɗa, sauran suna yawo a sama, sai ka rantse mutum biyu ne. Ammi yakan ce in ka cire hayaniyar, abin da ya rage a ƙasa hannun tsofaffin nan ne dai, bai bar gida ba, ya dai cinna wa gidan wuta. Agali kuwa cewa yake yi dukkansu namu ne, daga mai rowar har mai aradun.

"Kakanninsu daga wajenmu aka kwashe su. Kiɗan ya tahi cikin jirgin ruwa, ya komo muna cikin kaset. Kai Hudu, ba ka ji garayarku a ciki ba?"

Na ji wani abu mai kama da ita, musamman yadda suke komawa kan sauti ɗaya su yi ta tono. Amma abin da ya dame ni daban ne. Wata rana Mai Rowa yana cikin wani dogon kiɗa, jama'a suna ihu a faifan, na ce wa Agali ya tambayar min Ammi taken waye wannan.

"Kamar yaya na waye?"

"Wa yake kaɗa wa? Wa zai miƙe?"

Da Agali ya juya masa, tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ba kowa. Ya ce mutumin damuwarsa yake kaɗawa, matarsa ta tafi, ko aiki ya ƙare, ko dai gari ya waye masa ba daɗi. Na ce to in ya gama wa zai ba shi ko ƙafar gada? Suka sake fashewa. Ni ban ga abin dariya ba. A gidanmu ba a ɗaukar garaya sai da mai ita a gaba. Mutum ya zauna ya kaɗa wa ciwonsa, wannan a ganina kamar mai aski ne ya rufe ɗaki yana yi wa kansa ƙaho. Na koma shara.

Haka watanni suka yi ta wucewa. Su biyun suna ta musu a kan wa ya ɗauka daga wa, wa ya fi wa ciwo a hannu, ni ina tsakani da tsintsiya. Ina jin bambancin sarai, kunnen ɗan garaya ne da ni. In aka sa faifai ina bayan shago zan gaya maka wane ne kafin ya yi sauti biyar. Amma jin ya tsaya a kunne. Ammi yakan rufe ido in Mai Rowa ya lanƙwasa sauti, Agali yakan buga ƙafa, ni kuwa kamar ana karanta min farashin kaya a kasuwar da ba zan je ba.

Ranar da aka kawo wata babbar sifika daga wani gidan biki, Ammi ya gwada ta da faifan da ban taɓa ji ba. Sautin ba ya tsalle daga wuri zuwa wuri kamar na sauran, zamewa yake yi, kamar muryar mace mai guɗa a nesa. Na tsaya da tsintsiya na ce wannan fa? Ammi ya ce wannan ba ya danna tsirkiya. Wuyan kwalba yake zurawa a yatsa ɗaya ya riƙa goga shi a kai. Ya ce tsofaffin ƙauye ne suka fara, wasu da wuƙa, wasu da ƙashi, yaran baya suka ɗauka suka haɗa da lantarki. Yana cikin bayani sai ya kalli hannuna, ya kalle ni.

Sai ya tashi. Ya shiga bayan shago ya yanko guntun bututun jan ƙarfe, ya goge bakinsa da fayil, ya kamo ɗan ƙaramin yatsana, wanda yake da rai, ya zura masa. Ya haɗa wata jita da sifika ya ɗora min a cinya.

Ba zan ce na yi murna ba. Abin da na ji kamar ƙafar da ta yi sanyi ce aka fara takawa. Amma na kama. Duk lokacin da shago ya yi shiru ina kai, har na daina zamewa in wuce wuri. Da hannu ya faɗa, sai na nemo taken Sarkin Baka, wanda da shi ake buɗe taro. Lantarki yana riƙe sauti ya ja shi yadda kake so, bututu yana kai ka daga wannan zuwa wancan ba tare da yatsa ya danna komai ba. Na kaɗa musu shi wata la'asar. Agali ya ajiye kofi ya ce wallahi ko a Agadas sai a tsaya a saurara. Ammi ya ce mai kwalbar nan na faifai ya yi jika a Najeriya. Na karɓi shaidarsu hannu biyu. Ban tsaya na tuna cewa daga shi har Agali babu wanda ya taɓa jin taken nan a inda ake kaɗa shi ba.

Ban yi sallama da su ba. An aike ni sayen waya a wata unguwa 'yan sanda suka yi kamen baƙi marasa takarda, aka haɗa da ni. Daga rumfa zuwa bas, daga bas zuwa babbar mota, kudu dai kudu, duk garuruwan da muka gina muna hawa na gan su ta taga muna sauka. Aka zube mu a fili aka nuna mana inda Assamaka take, garin kan iyaka, muka taka. Wasu suna kuka, wasu suna zagi. Ni ina tafiya ne kawai don na gabana yana tafiya. Jarin injin niƙa bai wuce kayan jikina ba, sai bututun Ammi da ya kwana a aljihu.

Na iso Basirka ana ɗaurin dawa. Inna ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka. Baba yana zaure, yatsunsa sun karkace kamar citta. Bayan an watse na zauna a gabansa na miƙa masa hannun, na faɗa masa yadda aka yi. Ya juya shi ya ga tabon. Ya sa farce ya tsunkuli manuni, yana kallon fuskata. Ya tsunkuli na tsakiya. Na ga fatar ta yi fari, na ga ta dawo.

"Bara da kyar na kai ƙarshen taro," in ji shi. "Bana ko cokali sai an riƙa min."

Na fito da bututun na ce akwai dabarar da na koyo. Ya karɓa ya leƙa cikinsa, ya mayar min.

"Ni ban san wannan ba, Hudu. Ba kuma ni zan yanke ba. Masu take ne za su faɗa."

Na ɗauki ƙaramar garayar da na yi koyo da ita na zaga bayan rumbu. Bugun farko na gane kuskurena. Garaya ba ta riƙe sauti. Kana bugawa ya fito ya mutu, ba lantarkin da zai ja shi. Kafin bututu ya zame zuwa wuri na biyu, babu abin da ya rage da zai kai can. Taken maharba kuma sara ne, gajere gajere, kowane sauti da bakinsa kamar an yanka da wuƙa. Bututu ba ya sara, shafa yake yi. Na yi ta gwadawa kwana da kwanaki, na ƙara ƙarfin bugu, na rage zamiya. Wani lokaci in ji kamar ya fito, wani lokaci in ji kamar ana jan kujera a kan siminti. Na kasa tantancewa, don taken yana cikin kaina, kaina kuma yana cike min duk gurbin da hannu ya bari. Baba yana jiyowa daga zaure.

Ranar taro aka hallara a ƙarƙashin tsamiyar bakin gari bayan azahar. Maharba sun zo daga ƙauyuka, da rigunan layu da bindigogin toka, mata da yara sun yi da'ira a baya. Isiyaku ya zo ya gaishe da Baba ya durƙusa, ya gaishe ni, ya koma gefe ya zauna. Baba da kansa ya sa aka ɗora min babbar garayar. Da na zura bututun na ji ƙus-ƙus ya ratsa taron.

Na fara taken Sarkin Baka. Yana zaune a kan buzunsa a gabana, dattijo ne da ya san ni tun ina rarrafe. Na kai ƙarshe bai motsa ba. Na sake. Sai na ga ya karkato da kunne, ya tattara goshi. Da ƙi yake yi da ya fi min sauƙi. Nema yake yi, da gaskiyarsa, yana so ya ji abinsa ya tashi, bai same shi ba. Na shiga na uku. Wurin ya yi tsit, har ina jin kukan akuya daga cikin gari. Ban kalli inda Baba yake ba.

Ana cikin haka sai wani ya miƙe daga gefen hagu. Baba Gambo ne, abokin Baba tun na ƙuruciya, maharbin da ake cewa yana jin takun gada a kan ganye daga inda wani ba ya jin harbi. Ya gyara rigarsa, ya ɗaga bindiga sama, ya shigo fili yana taku.

"Sai ni Gambo na Hajjo! Ƙaya a hanyar ruwa, mai sa gwanki ya kwana da ƙishi!"

Sai wani matashi ya ce, "Baba Gambo, ai na Sarki ne." Dariya ta ɓarke. Sarkin Baka ya ɗaure fuska ya ce, "Gambo, yaushe muka fara haɗa take da kai?" Baba Gambo ya tsaya ya sa hannu a bayan kunne, ya buɗe baki kamar wanda aka tasa daga bacci, ya ce, "Na'am? Ba nawa ba ne?" Dariyar ta ƙaru, har mata suna riƙe ciki. Kowa ya juya gare shi, ba mai kallona. Takensa da na Sarkin Baka ko kusa ba su yi kama ba, ni na sani, Baba ya sani.

A cikin wannan hayaniyar na cire bututun na sa a aljihu. Na tashi da garayar na je inda Isiyaku yake na ɗora masa a cinya. Ya ce, "Haba Yaya Hudu," na ce ya kama, rana tana yi. Bugu huɗu ya yi Sarkin Baka ya zabura kamar an taka shi, taro ya ɗauka. Na koma kusa da Baba na zauna. Yana kallon gabansa, leɓensa yana bin kiɗan, bai sani ba. Da aka tashi, garayar ta hau babur ta tafi Yalwan Damai.

Washegari da safe na je gidan Baba Gambo. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran tarko. Na durƙusa na ce na zo godiya.

"Godiyar me?"

"Abin da ka yi jiya, Baba."

Bai ɗago ba. "Ni takena na ji na tashi. In kunnena ya tsufa, laifinka ne?"

"Baba, ai na san..."

"Ba ka san komai ba. Tashi ka je ka taya ubanka zama."

Na tashi. Ban kai kwanar gidansa ba abin ya zo min, duk wanda bai zo ba a Wahran da Assamaka da bayan rumbu. Baƙin ciki ne, na gane shi sarai, na garayar da na yatsun da na Baba, har da kunyar tsohon nan da ya tsaya a fili ana yi masa dariya saboda ni. Na jingina da katangar wani na yi kuka da rana tsaka, mata masu zuwa rijiya suna ratse ni.

Yanzu ina tsaron injin niƙan wani a Gwaram, hannun dama ya isa wannan. In taro ya zagayo nakan goya Baba a babur mu je, Isiyaku yana kaɗawa, yana kuma kaɗawa daidai. Matasan maharba sun daina tambayar Baba Gambo inda nama ya bi. Tun daga ranar nan Gambo Kurma ake kiransa a Basirka, har yara, kuma yana amsawa.